Kowa da Tayar da Ta Karɓe Shi

A Jamus, sau biyu a shekara ake cin wata kasuwa wadda ba ta da rumfuna, ba ta da sarkin kasuwa: kasuwar canjin taya. Ta farko takan ci a watan Oktoba idan sanyi ya fara leƙowa, ta biyu kuma wajen bikin Ista idan ya tattara komatsansa. Har take Jamusawa suka yi wa abin, wai "daga O zuwa O", saboda a harshensu Oktoba da Ista duk da harafin O suke farawa. A waɗannan makonni, ganin mai garejin taya ya fi ganin likitan haƙori wuya.

Dalilin wannan wahala a jikin roba yake. Robar tayar bazara halin man kaɗanya gare ta: da ɗumi ta yi laushi ta manne wa kwalta, da sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 ta fara ƙandarewa. Tayar hunturu an haɗa robarta ne don ta zauna da laushi cikin sanyi, an kuma yayyanka haƙoranta da ƙananan tsagu masu cizon dusar ƙanƙara, amma idan zafi ya zo sai ta yi ta cin kanta. Ta uku ita ce 'yar sulhu, tayar duk-shekara. Mota ko da tana da ƙarfin doki 500, wuri huɗu ne kacal jikinta ke taɓa ƙasa, kowanne bai fi tafin hannun ƙato ba. A kan waɗannan tafukan huɗu ake duk rigimar.

Na yi zaman jira a wani garejin taya a Stuttgart, garin Porsche da Mercedes, har kofi ya fita daga raina. Ga mutanen da na gani.

Mai Kalanda

Tun watan Agusta, mutane na shan iska da gajeren wando, wannan bawan Allah ya kama layinsa. Ranar da aka ba shi, ƙarfe tara saura minti biyar yana bakin ƙofa. Tayoyinsa huɗu kowace da rubutun alli a jikinta: gaba hagu, gaba dama, baya hagu, baya dama. Idan an cire na bazara, ba gida za su koma ba, akwai wani ɗakin ajiya da Jamusawa ke kira otal ɗin taya, can za su yi wata shida a kan kanta, ana biyan kuɗin kwanansu. Yana da ɗan ma'auni a aljihu. Doka ta ce zurfin haƙorin taya kada ya gaza milimita 1.6, ƙungiyar masu motoci ta ADAC ta ba da shawarar milimita 4 ga tayar hunturu, shi kuwa da ya ga ta kusa 5 barci ya ƙaurace masa. Bayan an ɗaura, zai yi kilomita 50 daidai ya dawo a sake ƙara wa notuna ƙarfi. Bai taɓa yin hatsari ba. Bai kuma taɓa ba da labarin da ya sa wani dariya ba.

Sarkin Bazara

Shi wannan taya ɗaya ya sani a duniya, irin su Michelin Pilot Sport Cup 2, waɗanda zanen jikinsu kaɗan ne ƙwarai, kai ka ce sun suɗe tun a kanti. Sau ɗaya ya taɓa biyan kuɗi ya zagaya tsohon filin tseren Nürburgring mai tsawon kusan kilomita 21, tun daga ranar ba a sake hira da shi ba tare da an ji labarin ba. Idan ka yi masa zancen hunturu sai ya ɗaga hanci ya ce, "Ai yanzu ƙanƙara ba ta sauka kamar da." Masu ƙera irin waɗannan tayoyi da kansu sun yi gargaɗi cewa tsananin sanyi na iya tsattsaga robar, amma shi a ganinsa gargaɗi na matsorata ne.

Stuttgart kuwa gari ne a cikin kwari, duk inda ka nufa sai ka hau tudu. Ranar da ƙanƙara ta fara sauka, za ka tarar da shi a tsakiyar hawa: inji na ruri kamar zaki, tayoyin baya na juyawa a wuri ɗaya, bayan motar na karkata zuwa gefen titi a hankali kamar amarya mai kunya. Sai ga wata tsohuwa a cikin 'yar Fiat Panda mai siraran tayoyin hunturu ta wuce shi salin-alin, ko kallonsa ba ta yi ba. Dokar Jamus ba ta yanka wa kowa rana ba, saɓanin lardin Kebek na Kanada inda tilas ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Abin da ta ce shi ne, in titi ya yi ƙanƙara ko santsinta, kada ka fito sai da tayar hunturu. Tarar Yuro 60 ce, ta koma 80 idan ka tare wa mutane hanya, da maki ɗaya a kundin laifin direbobi da ke Flensburg. Sarkin Bazara na 80 yake biya, ga kuɗin janwe.

Mai Ƙafa Huɗu

Ƙanin Sarkin Bazara ne, sai dai shi da hujjarsa. Motarsa duk ƙafafun huɗu ne ke ja, kuma tun da Audi ta fito da quattro a 1980 danginsa suka ɗauka an gama da matsalar santsi. Gaskiya ne, a danja shi ne ke fara tashi, ya bar kowa a baya yana murmushi. Abin da ya manta shi ne, ƙafa huɗu wajen tashi take taimako. Wajen tsayawa kuwa, kowace mota a duniya birki huɗu gare ta, har 'yar Panda ɗin tsohuwa. Saboda haka shi ne ke riga kowa isa shataletale, shi ne kuma ke wucewa ta tsakiyarsa ya tsaya a cikin furanni. Ko a nan ba zai zargi taya ba. Zai ce hukumar gari ce ba ta zuba gishiri da wuri ba.

Mai Taura Biyu

Wannan mutumin kirki ne, ba ya son rigima, ba ya son layi, ba ya son biyan otal ɗin taya. Tun da Goodyear ta fito da tayar duk-shekara a 1977 ya sami abin da ransa ke so. A yi masa adalci: tayoyin nan sun yi kyau ƙwarai a 'yan shekarun nan, musamman tun fitowar Michelin CrossClimate a 2015, kuma wanda iyakarsa cikin gari ne a inda sanyi bai tsananta ba, sun ishe shi. Inda abin ya zama abin dariya shi ne idan ya ɗaura su a motar da aka ƙera don gudun kilomita 300 a awa. Ka sayi dokin sukuwa ka sa masa silifa. A watan Yuli ba ta kai tayar bazara riƙe kwana ba, a watan Janairu ba ta kai ta hunturu cizon ƙanƙara ba, shi kuwa yana ta cewa ya jefi tsuntsu biyu.

Ranar da nake zaune, wani irinsa ya zo da fara'a a duba masa iska kawai. Bakaniken ya durƙusa, ya goge gefen tayar da babban yatsa, ya ce, "Yallaɓai, wannan ba ta hunturu ba ce."

"Ga M+S nan a rubuce, laka da ƙanƙara!"

"Ina hoton dutsen?"

Ashe tun 1 ga Oktoba, 2024, rubutun M+S shi kaɗai ya daina aiki a Jamus, sai taya mai hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar ƙanƙara a cikinsa. Mutumin da ya shigo shan iskar kyauta ya fita da takardar kuɗin taya huɗu.

Mai Araha

Ya ƙarar da duk abin da ya mallaka wajen sayen motar, da aka zo kan taya sai tsimi ya motsa. Yakan samo wata mai sunan da ko mai sayarwar ba ya iya furtawa, ko kuma ya sayi tsofaffi a intanet daga wani da ya rantse cewa "sau biyu kawai aka hau su". A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Mai Araha bai taɓa dubawa ba, shi haƙori yake kallo, bai san roba na tsufa ta bushe ko da ba a taka ta ba. Gwanin cikinsu shi ne mai sayen biyu kacal, ya ɗaura wa ƙafafun da ke ja, ya bar sauran biyun da na bazara. Sai motar ta zama gida mai kishiyoyi: gaba na son hagu, baya na son dama, maigida na tsakiya yana salati da sitiyari a hannu.

Malamin Lambobi

Kada Allah ya haɗa ka kujera da shi in kana sauri. Ka tambaye shi ƙarfe nawa, ya karanta maka 245/35 R19 93Y da fassara: faɗi milimita 245, tsayin gefe kashi 35 cikin ɗari na faɗin, rim inci 19, kowace taya na ɗaukar kilo 650, harafin Y kuma gudun kilomita 300. Ya san tayar da Porsche ta amince da ita tana da harafin N, ta BMW tauraro, ta Mercedes MO, kuma yana kallon wanda bai sani ba da tausayi. Zai gaya maka zancen digiri 7 ɗin nan ma kintace ne, a busasshen titi tayar bazara kan ci gaba da riƙewa ƙasa da haka. Kuma gaskiyarsa ne, abin haushin ke nan.

Amma shi ma da inda ake kama shi. Tayoyin hunturu da yawa harafinsu H ne ko V, wato 210 ko 240, kuma doka ta ce idan gudun tayar bai kai na motar ba, a manna wata 'yar takarda a inda direba zai riƙa gani. Wata shida yake yi yana kallon "240" a gaban malejin da aka rubuta 320. Ya ce mini duk safiya takardar nan ce ke fara gaishe shi, kuma gaisuwar ba ta mutunci ba ce.

Ɗan Arewacin Duniya

Lokaci-lokaci wani ɗan Finlan kan ratso, ya zauna shiru yana kallon kowa kamar yara masu wasan ƙasa. A ƙasarsu kamfanin Nokian ya ƙera tayar hunturu ta farko a 1934, kuma su har ƙusoshi suke dasa wa tayoyinsu. Jamus ta hana tayar ƙusa tun 1975 saboda tana cin kwalta. Idan aka gaya masa haka sai ya gyaɗa kai kawai, ya ƙara kurɓar kofi.

Mai Kulle

Shi ya raba gardama. Ya karɓi lambar mota ta wa'adi, wadda aka rubuta 04 da 10 a gefenta, ma'ana daga Afrilu zuwa Oktoba kaɗai za ta hau titi. Ran 31 ga Oktoba zai wanke ta, ya ƙara wa tayoyin iska don kada zama ya sa su yi kwanci, ya lulluɓe ta da mayafi, ya koma shiga wata tsohuwar Golf mai tari. Da daddare yakan sauka gareji ya ɗaga gefen mayafin ya leƙa, ya mayar. Cikin mutanen nan duka, shi kaɗai ne bai taɓa zamewa ba, shi kaɗai ne kuma ya sayi mota da cikakken kuɗinta yake hawan ta wata bakwai kacal a shekara.

Mai Fafe Gora

Na ƙarshe shi ne wanda ya san duk abin da na faɗa, ya kuma yarda da shi, amma kullum sai gobe. Oktoba ta wuce, Nuwamba ta raba, rana ɗaya ya buɗe taga ya ga gari ya yi fari fat. Sai ya rarrafo da mota zuwa gareji kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti, ya tarar da irinsa arba'in a gabansa, girman tayar da yake nema kuma ya ƙare sai bayan mako biyu. Mai karatu zai tambaya me ya zaunar da ni a garejin nan tsawon yini har na ƙare wa mutane kallo. To, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Kafin in bar wurin na zagaya baya, na ga tsofaffin tayoyi an jibge su sun fi tsayina. Waɗanda ke da sauran haƙori ba duka ake niƙewa ba, wasu sukan bi tashar jirgin ruwa ta Hamburg ko Antwerp su ƙetaro Afirka ta Yamma. Najeriya ta haramta shigo da tsofaffin tayoyi, amma duk wanda ya taɓa leƙa kasuwar kayan mota ya san abin da ake kira Beljiyam. A nan ne tayar Mai Kalanda, wadda aka haɗa don sanyin Janairu, ke samun sabon miji a Kano ko Maraɗi. Ya ga haƙora zaƙo-zaƙo ya ce ya yi tsintuwa, ya hau da ita kwalta a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ga lodi, ga gudu.

Don haka ba Jamusawa kaɗai nake yi wa dariya ba. Kafin ka miƙa kuɗi, durƙusa ka goge gefen tayar da yatsa. In ka ga hoton dutse da ƙwayar ƙanƙara, ko lambobi huɗun nan suka nuna maka ta girmi ɗanka na firamare, ka bar wa mai ita kayansa. Araha ba ta ado, a kan taya kuwa har rai takan ci.