Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Kwamfuta, Amaryar Makarantunmu

Ranki ya daɗe Hajiya,

Ya zafi, ya ƙura, ya kuma baƙunta? Ni malamin makaranta ne a wannan yanki namu na yammacin Zamfara, wanda ya taso daga Anka ya ratsa Bukkuyum ya dire Gummi. Abokan aiki ne suka ɗora mini nauyin rubuto miki, wai ni ne mai dama-dama a cikinsu tunda na san inda ake latsawa ki farka.

Ba mu manta ranar da aka kawo ki ba. An share harabar makaranta tun da asuba, an yo hayar rumfa da kujerun roba, an jera yara cikin rana suna jiran manyan baƙi. Aka yi jawabi, aka ce daga yau ɗan Zamfara zai tafi kafaɗa da kafaɗa da ɗan Legas. Aka zaunar da wata yarinya a gabanki, aka ce ta ɗora yatsa bisa madannai ta yi murmushi, mai hoto ya ɗauka. Janareton da aka aro domin bikin ya koma gidan mai shi kafin la'asar. Ke kuma aka mayar da ke cikin ledarki da kwalinki, aka kai ki ɗaki, aka ja ƙofa, aka danna kwaɗo. Kowace amarya muka sani, idan ta yi kwanakinta a lulluɓe takan fito ta kama girki. Ke kam, Hajiya, yaran da suka yi miki tafi a ranar sun gama makaranta, wasunsu har sun yi nasu auren, lulluɓinki bai sauka ba.

Na san za ki ce ba ke kika kulle kanki ba, kuma gaskiya ne. Amma kada ki riƙe mai makullin, wato shugaban makaranta, a zuciya, don shi ma lissafi ya yi. Shi ya sa hannu ya karɓe ku, ke da 'yan'uwanki, da lamba da komai. Duk ranar da jami'in bincike ya zo, ƙirga ku zai yi, ba zai tambayi yara nawa suka taɓa ku ba. Wadda ta lalace a hannun ɗalibi, shugaban makaranta za a aika wa takardar tuhuma. Wadda ta tsufa cikin kwali kuwa, ba wanda zai ce masa uffan, watakila ma a yaba masa da iya riƙon amana. Ki faɗa mini, a cikin wannan tsari, wane mai hankali ne zai buɗe ƙofa?

Sannan ke ma, a yi magana don Allah, kina da tsadar sha'ani. Baƙin allo da muka gada ba ya neman komai sai alli, in ya koɗe a shafa masa gawayi ko baƙin cikin tsohon batir, ya koma sabo. Ke kuwa sai wutar lantarki, wadda a wurinmu ba a sa mata rana. In babu ita sai janareto, janareto sai fetur, fetur kuma tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ya bar sahun talaka, har lita ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. In an samu wutar sai ki ce data. In an sayi data sai ki ce sabis. Sabis ɗin kuma kin san labarinsa: a farkon Satumbar 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mako biyu aka ce da farko, aka shafe watanni a wasu ƙananan hukumomi. Mai son ya ji muryar ɗansa sai ya shiga mota ya ƙetare iyakar jiha. A 2021 ɗin ne kuma aka kwashi ɗalibai mata 279 a Jangebe cikin Fabrairu, aka sake kwasar wasu a Kaya ta Maradun ranar 1 ga Satumba, aka rufe makarantu. Ashe lokacin da aka fi bukatarki, da yara ke zaune gida ba aji ba malami, shi ne lokacin da ko motsi ba ki iya yi.

Da aka shiga Maris ɗin 2022 muka ji an ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, dandalin darussan intanet na Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft, har da darussa cikin Hausa. Abu ya yi kyau, Allah ya saka wa masu shi. Sai dai fasfo, ko na karatu ne, mai kuɗin mota yake yi wa amfani.

To, duk wannan da sauƙi. Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Tun 2015 hukumar JAMB ta yi sallama da takarda da fensir, ta mayar da jarrabawar shiga jami'a hannunki kacokan. A 2025 kuma Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa WAEC da NECO ma hanyar da za su bi ke nan daga 2026. Wato ke da kika ƙi fitowa ki koyar, ke ce aka naɗa alƙaliya. Yaro ya taso daga Nasarawar Burkullu ko Daki Takwas ko Bagega, uwarsa ta sayar da akuya an biya rajista da kuɗin mota, ya bi hanyar da kowa ya san sai da addu'a ake binta, ya kwana a shagon wani ɗan garinsu. Da safe a zaunar da shi gabanki, ranar ce farkon haɗuwarku ido da ido. Agogo na tafiya a kusurwar fuskarki, shi kuma yana kokawa da maus, ya tura dama kibiya ta ɓace, ya ɗaga shi sama yana dubawa ko ƙasansa ne ya lalace. Yaron nan ya san amsar tambayar. Ni na koya masa, na san ya sani. Abin da bai sani ba ke ce. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kowace shekara a bakin ƙofar ɗakin jarrabawa muke fafe namu. Idan sakamako ya fito a buga jadawali a jarida, a ce Zamfara ce a ƙasa, masu sharhi su yi ta girgiza kai, ba mai tambayar ko Kimiyya yaron ya faɗi ko kuwa maus.

Kuma ba wai ke ba kya tuntuɓe ba. A jarrabawar JAMB ta 2025 kin rikita sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, sai da shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana share hawaye, aka sake musu zama. A can ke nan, inda wuta da sabis suka fi namu nesa ba kusa ba. Su an ji kukansu domin iyayensu na da waya da murya.

Na ɗan bincika asalinki, kamar yadda ake yi kafin a ɗaura aure, ko da yake mu bayan an ɗaura muka yi. Ashe halin gidanku ne. A 2007 an kai wata 'yar'uwarki mai launin kore da fari makarantar firamare ta Galadima a Abuja, ƙarƙashin shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro na Nicholas Negroponte, wadda aka yi wa laƙabi da mai dala 100. Duniya ta yi ta ɗaukar hoto, daga baya aka ji shiru. Ƙasar Peru ta sayi irinta sama da 800,000 ta raba wa makarantunta. Da masana na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka bibiyi makarantu 319, rahotonsu na 2012 ya ce yaran sun iya sarrafa na'urar sosai, amma a Lissafi da karatu ba a ga wani ci gaba ba. Osun ma ta gwada nata allon, Opon Imo, a 2013 zamanin Rauf Aregbesola. Ko'ina labarin kusan ɗaya ne: an yi wa na'ura tanadi, an manta da malamin da zai tsaya a gabanta. Malamin da ya fito daga Kwalejin Ilimi ta Maru da takardarsa mai kyau, in ba a zauna an koya masa yadda zai haɗa ki da darasin gobe ba, to zai gaishe ki da ladabi ne kawai ya koma kan allinsa. Bitar kwana biyu a otal, wadda ake komowa da jaka da biro da kuɗin mota, ba ita nake nufi ba.

Abin da zai ba ki haushi shi ne, ƙanwarki wayar hannu, wadda ba wanda ya yi wa biki, ita ke aikin gidan. Malamin Kimiyya in ya je Gusau karɓar wani abu sai ya sauke bidiyon yadda zuciya ke harba jini, ya zuba a katin memori, ya dawo ya tura wa abokan aiki ta Xender ba tare da ko sisin data ba. A aji yara su kewaye shi rukuni-rukuni, kawuna goma kan fuska ɗaya mai faɗin tafin hannu. Wayar tasa ce, datar daga albashinsa, cajin naira ɗari a shagon mai sola. Kakarku rediyo ma ta taka rawarta a 2020, lokacin da korona ta rufe makarantu aka koma karanta darasi a iska. Ke ce babba, ke ce mai tsada, amma waɗannan su muka gani a rana.

Akwai wata magana da ba ta raha ba ce, ki yi haƙuri in faɗe ta. An ce a cikin cikinki akwai 'yar zinariya da ake shafa wa mahaɗan wayoyi don kada su yi tsatsa. Mu nan mun san kuɗin zinariya. A 2010 gubar dalma da ke cikin dutsen da ake niƙawa a tsakar gida don fitar da zinariya ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo suka zauna. Dalma kuwa ko ba ta kashe ba tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage kaifin fahimta. Jariran da suka rayu a wancan lokacin su ne samari da 'yanmatan da suka kai shekarun zama gabanki yanzu. Wasunsu na bukatar a maimaita musu abu sau biyar, malami mai ɗalibai tamanin kuma ba ya iyawa. An ce ke ba kya gajiya da maimaici, ba kya tsawa, ba kya ɗaukar bulala. In haka ne, babu inda ya fi cancanta ki yi aiki kamar nan.

Saboda haka ga saƙon da aka ba ni. Ki gaya wa waɗanda suka kawo ki cewa wani karon su fara aiko faifan sola da batir da mai gyara, ke kya biyo baya. Su zuba miki darussan a ciki tun daga can, yadda ba sai kin jira sabis ba. Su rubuta wa shugaban makaranta takarda mai hatimi cewa idan kin lalace a hannun ɗalibi ba laifinsa ba ne, in kuma aka iske ki da ledarki bayan zango guda, a nan ne zai yi bayani. Mun yarda madannanki su koɗe, mun yarda a bar miki shatin man ƙuli-ƙuli a fuska.

Idan za ki ba da amsa, kada ki turo ta imel, don mai akwatin ya manta lambar sirrinsa tun ranar bita. Ki rubuta a takarda ki ba direban motar Gummi a tashar Gusau, ki ce a ajiye wa malam a wurin mai shayin bakin kasuwa.

Naki mai biyayya,
Wani malamin aji, a madadin sauran masu cin ƙurar alli.