Wa Za Ka Tambaya Kafin Ka Hau Kumbo?

A garin Würselen, kusa da Aachen a ƙasar Jamus, akwai wani ƙaramin kamfani mai suna Egosoft da ya shafe sama da shekara ashirin yana sana'a guda: ƙera wasannin kwamfuta da ake kira X. A cikinsu ana miƙa maka ɗan kumbo da 'yan kuɗi kaɗan, a sake ka a sararin samaniya, a ce ga fili ga mai doki, ka yi ciniki, ka yi faɗa, ka gina masana'antu, ka kuma yi tunani. Matsalar ita ce wasannin sun yi yawa. Daga X: Beyond the Frontier na 1999 zuwa X4: Foundations na 2018 an jera su kamar 'ya'yan gida ɗaya masu kama da juna, har ma X3 kaɗai ya kasu huɗu. Sabon shiga sai ya yi tambayar da yake zaton amsarta kalma ɗaya ce: "Da wanne zan fara?" Bawan Allah bai san ya taɓo gidan rina ba.

Wanda ke fara amsawa kullum shi ne Baba Tun-Asali. Shi a wurinsa duk wanda bai fara daga 1999 ba, bai shigo ta ƙofa ba. "Ɗana," in ji shi, "sannu ba ta hana zuwa. Ka koma na farko ka sha wuyar da muka sha." Wuyar kuwa ta gaske ce. A wasan farko kai ne Kyle Brennan, matuƙin gwaji daga duniyarmu da na'ura ta yi wa gardama ta jefa shi wata uwa duniya, da kumbo guda ɗaya, ba makami, ga bashin wasu halittu da ake kira Teladi a wuya. Tafiya tsakanin tasha da tasha kuwa, sai ka dafa shayi ka sha ka wanke kofi ba ka isa ba. Baba ba zai faɗa maka cewa shi kansa ya yi shekaru bai buɗe wasan ba. Abin da yake so ka buga ƙuruciyarsa ce, ita kuwa ba a sayar da ita a kasuwar wasanni ta Steam.

Bayansa sai Alhaji Riba, wanda ya fi kowa daɗin hira. Shi X3: Terran Conflict na 2008 zai nuna maka, ya haɗa da Albion Prelude na 2011 saboda an saka kasuwar hannun jari a ciki. Alhaji ya ɗauki halin Teladi, waɗannan halittu masu siffar ƙadangare da ba su san komai ba sai riba. Ka leƙa allon kwamfutarsa ka gani: babu tauraro ko ɗaya, sai jerin lambobi, shafi a kan shafi, yana duba inda ake sayar da batiran makamashi da araha da inda suka yi tsada. Yana da jiragen yaƙi da suka isa su share daula, amma bai taɓa harba harsashi ba, domin harsashi kuɗi ne. In ya fara ba ka labarin yadda ya haɗa gonar alkama da masana'antar abinci da ma'adinan siliki a jere, za ka rantse dillali ne a Kantin Kwari ana jibi Sallah.

Babban sirrinsa wata na'ura ce a wasan mai suna SETA, wadda ke sa lokaci ya riƙa gudu ninki-ninki. Alhaji sai ya kunna ta da dare, ya je ya kwanta, wai kuɗi na taruwa yana barci. Da asuba ya taso da murna, ya tarar direban atomatik, wanda duk masu X3 sun san halinsa, ya kai babban jirgin dakon kayansa ya maka da dutse, maƙiyan da ake kira Xenon kuma sun bi ta kan sauran. Zai yi salati, ya koma ajiyar jiya, ya sake kunna SETA. Wannan mutumin ne ke ce wa sabon shiga wasan "ba wuya, wata uku kawai za ka yi ka gane menu".

Akwai kuma wanda ba ka isa ka ambaci X Rebirth a gabansa ba. Ya saye shi ranar da ya fito a watan Nuwamban 2013, da ɗoki, bayan dogon jira, ya tarar an ɗaure shi a kumbo guda mai suna Albion Skunk, ba damar sauya wani. Ya sauka a tashoshi ya yi ta yawo a lunguna iri ɗaya, yana gamuwa da fuskoki iri ɗaya, yana buɗe akwatuna, wasan kuma na tsayawa cak lokacin da ya ga dama. Tun daga ranar, kowace tambaya aka yi, ko ta farashin linzamin kwamfuta ce, amsarsa ɗaya: "Kai dai ka guji Rebirth." Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Yana da abokin gaba na har abada, mutum ɗaya tilo mai kare Rebirth, wanda ke rantsuwa cewa an yi masa faci har ya gyaru, an ƙara masa The Teladi Outpost da Home of Light, kuma babu wasan X da tashoshinsa suka kai nasa kyau. Gaskiya akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Amma da zarar su biyun nan sun haɗu, an manta da mai tambaya ke nan, sai dai ya ja kujera ya sha kallo.

Injiniya Sai-An-Gyara shi bai yarda da wasa yadda kamfani ya fitar da shi ba. "Ka sayi Albion Prelude, amma kada ka kuskura ka buga shi haka," zai ce, sannan ya lissafo maka gyare-gyaren da 'yan wasa suka yi da kansu, Litcube's Universe a kan gaba, da tsarin da za ka bi wajen saka su, wanne kafin wanne. Yaron da bai san maɓallin tada kumbo ba an ba shi aikin kwana biyu na kwafe fayiloli. Injiniya kansa rabonsa da tashi sama tun bara. Kullum yana cikin gwada ko sabon gyaran zai zauna lafiya da tsohon.

Sai Ɗan Kauce-Hanya. Ka tambaye shi X, ya ce me za ka yi da X ga Elite Dangerous mai taurari biliyan 400. Ƙaninsa ya fi shi, shi Star Citizen yake tallatawa, wasan da aka fara tara masa kuɗi tun 2012 kuma har yau bai fita daga matakin gwaji ba. Malam Ya-Danganta kuma zai yi maka tambaya goma sha, ka amsa duka, ya gyaɗa kai ya ce, "To, ya danganta."

Wanda ake yi wa dariya, amma ni na fi ganin hankalinsa, shi ne Mai Duba Inji. Kafin ka rufe baki ya tambaye ka wace irin kwamfuta gare ka. Ana cewa ya cika son fariya da kayan aiki, kuma ba a yi masa ƙarya ba, domin sai ya nuna maka sandar tuƙinsa ko ba ka nema ba. Sai dai tambayarsa tana kan hanya. A X4 kowane jirgi ana ƙera shi ne da kayan da aka haƙo, aka sarrafa, aka yi dakonsu zuwa tashar ƙira, kuma kwamfutarka ce ke lissafin duk wannan hada-hada har a sassan da ba ka taɓa takawa ba. Idan ƙwaƙwalwar injin ba ta da ƙarfi, farkon wasan zai tafi sumul, amma ranar da daularka ta bunƙasa sai hoto ya fara rarrafe. Gara a gaya wa mutum wannan kafin ya ƙona datarsa wajen sauke wasan.

Shi ma sabon shigan ba a bar shi a baya ba wajen hali. Bayan ya saurari kowa, sai ya jira lokacin rangwame ya saye su gaba ɗaya, har da ƙarin da ba zai kai gare su ba sai baɗi. Ya buɗe ɗaya, ya tsallake darasin koyon tuƙi saboda shi gwani ne, ya yi awa guda yana neman yadda ake sauka a tasha, ya kashe kwamfuta ya ce wasan ne bai yi ba.

To ƙanena, ga tawa. Ba sai ka bi su a jere ba, domin kusan kowane wasa da gwarzonsa: Kyle Brennan a na farko, ɗansa Julian a X2 da X3: Reunion, Ren Otani a Rebirth, kuma labarin bai taɓa zama abin da ke riƙe mutane a X ba. In kwamfutarka mai ƙarfi ce, ka ɗauki X4: Foundations shi kaɗai, ba ƙari ko ɗaya, ka zauna ka yi darussan tuƙi har ƙarshe, ka riƙa ajiye wasanka a kai a kai. In tsohuwa ce, Terran Conflict zai gudu a kanta ba gardama, kuma yana da abin da zai cinye maka shekara. In ka kai ga Albion Prelude, Farnham's Legacy na 2021 kyauta ne ga duk mai shi. SETA kuwa, kada ka bar ta a kunne ka tafi barci.