Yadda na kashe giwa da harafi ɗaya

Hirarrakin da na naɗa da tsofaffin marina na Ƙofar Mata sun shekara uku a kwamfutata, na kasa zama in rubuce su. Ƙanena, wanda boko ya ratsa, ya ce: "Yaya, sayi katin GPU, inji ya saurara ya rubuta maka." Na lallaɓa na sayo RTX 3060 na hannu, mai gigabait 12, kuɗin da da sun isa ragon layya har da canji.

Ya zana mini tsarin a bayan kwalin sabulu. Docker zai sa kowace manhaja a kwantenarta, kamar kayan tashar Apapa. PostgreSQL, mai tambarin giwa, zai adana rubutun. RabbitMQ, mai tambarin zomo, zai jera ayyuka a layi yana miƙa wa katin ɗaya bayan ɗaya. Ya koma makaranta ya bar ni da dawa guda a ɗaki.

Daren farko data ta tafi wajen sauko da kayan CUDA, ana dab da gamawa aka ɗauke wuta. Wannan kowa ya san zafinsa, mu wuce.

Kwana uku fankar kwamfutar na gurnani kamar injin markaɗe, ni kuwa ina ta yaba wa katina. Sai rannan na kai hannu na taɓa shi: sanyi ƙalau, kamar randa. A waje in na buga nvidia-smi yana amsawa, a cikin kwantena kuwa ba a san da zamansa ba. Ashe sai an girka NVIDIA Container Toolkit, sannan a faɗa wa kwantenar ƙarara cewa an ba ta katin. Doki na saya na ɗaure a turke, ina ta sassarfa a ƙasa ina yabon gudunsa.

Da na gyara wannan, manhajar ta ce ba ta ga giwa ba. Na rantse wa ƙanena a waya cewa na rubuta localhost da ƙofa 5432 daidai. Ya yi dariya har da tari. "Yaya, localhost a cikin kwantena ai ita kanta take nufi. Ka kulle kanka a ɗaki kana sallama, kana jiran a amsa. Kira giwar da sunan da ka raɗa mata a fayil."

Sai kuma zomo. Na ɗauka depends_on na nufin a jira kowa ya shirya, ashe buɗe ido kawai yake jira, ba wanke fuska ba. Abin haushin, giwar da duk girmanta takan riga shi tashi, zomon ne mai nauyin barci. Zomo dai ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara.

Duk wannan Hajiya, mahaifiyarmu, na jina ta taga. Dare ya raba, ɗanta na fari na faɗa a waya: "Giwa ta tashi, zomo ya ƙi amsawa a 5672!" Dabbobi da lambobi, a wurinta fassara biyu ce kacal: ko caca ko iska. Da safe na tarar da kofin rubutu a bakin ƙofa. Na shanye, don a lokacin ba na raina taimako.

Ranar Alhamis komai ya zauna. Katin ya ɗau zafi, hirar awa 40 ta zama rubutu, na kwana biyu ina gyara sunayen baba da toka da injin ya karkace. Don in kashe komai cikin tsari irin na ƙwararru, na buga docker compose down, na ƙara -v, a zatona cewa nake a yi mini bayani dalla-dalla. A nan kuwa ma'anarsa a share rumbun ajiyar gaba ɗaya. Cikin daƙiƙa biyu ya bi umarni, babu ko "ka tabbata?"

Na dafe kai na ƙwala salati: "Innalillahi! Na kashe giwa!"

Tsakar gida ta yi tsit. Can Hajiya, wadda ba ta taɓa kiran sunana ba, ta ɗaga labule a hankali.

"Kai wannan, faɗa mini gaskiya. Nawa ka zuba a kanta?"