Yadda Na Sauko Daga Tanka Ba Tsani

Har yanzu da gefe guda nake zama, don haka kada a nemi dogon bayani daga gare ni.

Kawuna yana da wurin wankin mota a bakin hanyar Maraɗi zuwa Tsibiri. Shekaranjiya ya tafi suna Jiratawa, ya bar mini injin feshi da motocin wani Alhaji guda huɗu: kamiyo uku masu kai aya da wake Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, sai tankar mai ɗaya. A lungu na hango jarkar man sheƙi, irin mai kaki, wadda wani direba ya kawo daga Lome. Ashe surka shi ake yi da ruwa, a fesa bayan mota ta wanku tas, cikin inuwa, a ɗauraye tun bai bushe ba. Ni kuwa gundarinsa na tuttula wa inji, tsakar rana, ga ƙurar hunturu tana tasowa daga gulbi. Kafin in zagayo, tanka ta yi furu-furu kamar mai toya ƙosai ta shafe ta da ƙullu.

Sai na hau samanta in ɗauraye.

Duk wanda ya san tanka ya san bayanta a gantsare yake kamar tulu. Taku ɗaya, taku biyu, a na uku ƙafar dama ta nufi Tsibiri, ta hagu ta ce ita Maraɗi za ta. Na zauna daɓas. Na fara sulalewa a hankali, a hankalin da ya ishe ni in ga mai shayi ya ajiye ludayi, in ga yaran mota sun miƙe tsaye, in ji wandona ya ce ɓarrr. Maimakon in saki bindigar feshi, sai na ƙanƙame ta kamar ita ce tsani. Daidai lokacin Alhaji ya fito daga motarsa, cikin farar shadda, ya ɗaga hannu zai yi sallama. Ruwan ya fara da hularsa. Na ga hular tana tashi, na ga bakinsa a buɗe, "assalamu" ta fito, "alaikum" ta nutse. Sannan kwata ta karɓe ni.

Wani tsoho mai goro, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya matso da farantinsa.

"Yaro, da ka tuɓe takalmi."

"Baba, ai ba takalmi a ƙafata."

"To da ka sa."

Ya ɓare goro, ya duba tanka, ya duba kwata.

"Kuma in za ka hwaɗi, wancan gehe aka hwaɗuwa. Can da rairai."

Alhaji na matse babbar riga, bai ce komai ba, ya tsura wa tankarsa ido. Duk ta yi dabbare-dabbare, sai layi guda daga sama har ƙasa, faɗin mazaunaina, yana walƙiya kamar madubin amarya.

Baba ya gyaɗa kai.

"Alhaji, ka gani? Man na da kyau. Yaro, koma bisa. In ka sauko haka sau ashirin, ka gama ta."