Baranda ba ɗaki ba ce, in ji Malam

Makon nan aka kira mu wata bita a birnin Katsina, ma'aikata daga Batsari da Safana, aka sauke mu a wani masauki mai bene, mutum biyu-biyu a ɗaki, saboda kuɗin da za a kama wa kowa nasa ɗakin sun bi wata hanyar da ba a sanar da mu ba. Ni rabona ya faɗa kan wani bawan Allah daga wajen Runka, kamili, hula a karye daidai, carbi ba ya barin hannu. A bayan ƙofar ɗakin an manna hoton karan sigari an gicciya masa jan layi. Muka tsaya muka kalla tare, ya girgiza kai ya ce, "Ai ya kamata. Mutanen yanzu ba tarbiyya."

Da aka idar da isha'i sai ya ce bari ya sha iska.

To, duk wanda ya tashi tsakanin Wagini da Zakka ya san ba mu da mashayin taba ko ɗaya. Masu shan iska gare mu, da masu miƙe ƙafa, da masu zuwa duba babur, da waɗanda ake yi wa waya mai muhimmanci da zarar an cinye tuwo, wayar da ba ta taɓa yin ƙara ba. Duk kwalayen da masu tebur ke sayarwa ran Alhamis a kasuwar Batsari, aljanu ne ke zuwa su saye.

Iskar da abokin kwanana ya fita sha tana baranda, taku biyu daga gadona. Bai rufe ƙofa ba, don kada hirar da muke yi kan tsadar taki ta yanke. Ƙafa ɗaya a waje, ɗaya a kan dokin ƙofa. Ya zuƙa a waje, ya juyo da kai ciki ya ba ni amsa, amsar ta iso da rakiyarta. Fanka kuma ta karɓa ta raba wa labule da matashi da bargo, kowa da kasonsa. Na yi tari irin na jan kunne. Ya ce, "Sannu Malam, sanyin birni ne." Na nuna masa hoton bayan ƙofa, sai ya gyara tsayuwa ya ba da fatawa: "Ai Malam, baranda ba ɗaki ba ce. Ɗaki suka hana." Ban san a wace makarantar ya yi wannan karatun ba, amma hujja gare shi har da reshe. In ji shi, hukunci yana bin inda karan yake, karan kuwa yana hannun dama, hannun dama yana waje. Abin da iska ta kwaso ta shigo da shi kuma, wannan tsakanina da iska ne. A kan ƙarfen barandar nan na shanya farar shaddata da zan sa washegari.

Ana cikin haka sai ga sallama daga barandar maƙwabta, wadda ɗan guntun gini ne kawai ya raba mu. Wani dattijo ne cikin shugabanninmu, kuma abokin mahaifin mutumin. Wallahi ban taɓa ganin hannu ya yi sauri irin haka ba. Kafin dattijo ya rufe baki, kara ya juya ya shige cikin tafi, tafi ya dunƙule, dunƙulen ya koma bayan riga, mutumina ya durƙusa. Matsalar ita ce ya riga ya zuƙa, bai fesar ba.

Ku da kuka san gaisuwar dattijon ƙasar Ruma kun san ba a yi mata gaggawa. "An wuni lafiya? Ya gajiya? Ya ka baro su Alhaji? Ya ƙafar tasa? Ya mai ɗakin naka? Yaran fa? Wanda aka yi wa kaciya ya warke? Ya aka ji da hanya? Ya ƙarin haƙuri da lamarin dajin nan?" Mutumina yana amsa "lafiya lau, Baba" da murya irin ta wanda aka taka wa ciki, ido ya kawo ruwa, jijiyar wuya ta miƙe. Wajen tambaya ta shida hayaƙi ya fara neman mafita da kansa. Kaɗan ta hanci. Wani siriri ta hannun riga, ya bi ta wuya ya fito ta bayan kunne, ya tsaya bisa hula yana jiran a gama. Wuta kuma tana cin kara tana matsowa tafi. Dattijo, wanda na tabbata ya gani tun daga sallama, sai ya gyara tsayuwa ya ɗauko labarin wata gonar rogo da aka yi shari'a a kanta tun kafin a ƙirƙiri jihar Katsina a 1987. Ya kawo sunan alƙali, ya kawo shaidu, ya koma ya gyara sunan shaida na biyu. Da zai tafi ya shanshana iska ya ce, "Kamar wani abu na ƙonewa." Mutumina ya ce, "Shara ce suke ƙonawa a ƙasa, Baba." Baba ya ce, "Allah ya kyauta. A riƙa kula da hannu." Washegari da tsumma a tafi ya zo aji, wai salansar babur ce ta taɓa shi, alhali a motar haya muka zo.

Sai kuma aikin ɓoye sawu, wanda ya fi laifin kansa azaba. TomTom biyu a kumatu, kanumfari, ɓarin goro, sannan turaren ɗan goma a shafe gemu da ƙirji. Shi a ganinsa ya fito fes. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Su ma masu masaukin ba zan bar su ba. Mutanen da suka damu da huhunmu har suka buga hoto suka manna, su ne suka girke janareta daidai ƙarƙashin tagarmu, wani tsoho mai tari fiye da na kowa a ginin, yana aman baƙin hayaƙi daga magariba har sha biyun dare. Da ya mutu sauro ya karɓi aiki, sai yaron masaukin ya hawo da igiyar leƙo ya kunna mana a tsakar ɗaki, ya rufe taga don maganin ya kama. Na tambaye shi ko wannan hayaƙin ba ya cikin wanda aka hana, ya ce shi dai sigari aka ce masa. A wajen bitar kuwa, da safe, wani ya tashi ya yi mana jawabi mai tsawo kan tsabtar muhalli, muna zaune ashirin-ashirin a benci muna jiran a zo maganar alawus.

Abin da ke ba ni haushi na gaske shi ne, doka tana nan. Tun watan Mayun 2015 Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar taƙaita shan taba, majalisa ta amince da ƙa'idojin aiwatar da ita a 2019. Ta hana busa wa jama'a hayaƙi a wuraren da ake taruwa, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da kara ɗai-ɗai. Je ka kowace tasha daga Safana zuwa Dutsin-Ma ka ga ko akwai mai teburin da ya taɓa jin labari. Kuma wa ake aika ya sayo? Yaro ɗan firamare, da canji a hannu, ana ce masa ya ɓoye a aljihu kada kakarsa ta gani. Mutum yana jin kunyar dattijo har ya yarda tafinsa ya gasu, amma ba ya jin kunyar ɗan da ya haifa, ba ya jin tausayin mai asma da aka haɗa su ɗaki. Mu kuma da ake shaƙa wa, kara ta ɗaure mana baki, sai tari da "ba komai, Malam", mu koma gida matanmu su shanshana shadda su yi mana kallon da ba mu ci ba.

Don haka masu shirya bita da masu saukar da 'yan ɗaurin aure, kada ku ɓata takarda kuna tambayar wa ke sha, ba wanda zai rubuta sunansa. A laluba aljihu kawai. Duk wanda aka samu da ashana da TomTom alhali ba ya girki kuma ba ya mura, a haɗa shi da ɗan'uwansa, a ba su ɗakin ƙasa na kusa da janareta.