Zuwa Ga Bazazzagin Da Ke Neman Zama Basine A Awka

Bawana Bazazzagi,

Labarinka ya iso Kano, kuma ba maƙiyi ne ya kawo shi ba, hotunan da kake watsawa da hannunka a WhatsApp ne. Jami'arku ta Samaru ta sallame ka shekara guda ka je Awka ka koyar, ka yi bincike, ka dawo da littafi. Har yau ko shafi ɗaya ba mu gani ba. Abin da muke gani shi ne kai cikin jar riga mai maɓallan igiya, ka dunƙule hannu ɗaya cikin ɗaya kana gaisuwa, jajayen fitilun takarda suna reto a bayanka. An ce babu taron da Cibiyar Confucius ta Jami'ar Nnamdi Azikiwe za ta kira ba ka riga masu jera kujeru isa zauren ba.

Ban yi mamaki ba. Duk inda aka ce shiga kyauta ne, kuma akwai ɗan abin taɓawa a ƙarshe, sai an tarar da Bazazzagi a sahun gaba, riƙe da biro kamar ilimi ne ya kawo shi.

Tun da na san ba ka taɓa tambayar asalin gidan da kake cin arziki a ciki ba, bari ubangidanka ya faɗa maka. A 2004 Sin ta buɗe irin wannan cibiya ta farko a birnin Seoul, shekara ta zagayo ta kafa ta farko a Afirka a Jami'ar Nairobi. Taku ta Awka haɗin gwiwa ce da Jami'ar Xiamen, akwai kuma 'yar'uwarta a Jami'ar Legas. Aikinsu koyar da harshe, shirya jarrabawar Sinanci ta HSK, tura ɗalibai karatu, da kuma waɗannan bukukuwa da suka ɗauke maka hankali. Mutanen nan da tsari suka zo. Kai kuwa da ciki ka je.

Mu fara da Bikin Bazara, sabuwar shekararsu. Da lissafin wata suke yi, shi ya sa take yawo tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, kuma kowace shekara da dabbarta cikin dabbobi 12. Wadda ta kama ranar 29 ga Janairun 2025 ta maciji ce. A al'adarsu manya ne suke saka kuɗi a jar ambulan su miƙa wa yara. Manya, Malam. Wanda ya ba ni labari ya rantse ya gan ka a layin yara, da furfurarka da digirinka uku, kana ta gyara murya. Da bikin tsakiyar kaka ya zo, ranar 15 ga watansu na 8, Sinawa suka fita kallon cikakken wata suna tuna dangi na nesa, kai kuma idonka yana kan tiren wainar wata, har ka cusa biyu a aljihu ka ce na yara ne, alhali yaran suna Kofar Doka.

Abu ɗaya dai na yaba maka: an ce kafin ka kai loma sai ka tambaya ko halal ne. Ai da ka tsaya sauraron laccar da ake yi kafin abinci, da ka ji cewa Sin tana da Musulmi miliyoyi, cewa babban masallacin birnin Xi'an ya girmi ganuwar garuruwa da yawa, kuma shahararriyar taliyar naman shanu ta Lanzhou girkin Musulmin Hui ce. Amma ina! Lokacin nan kana can kana kokawa da tsinkayen cin abinci. Ranar da nake jira ita ce wadda za ka koma gida, uwargida ta ajiye maka kwanon fate mai zafi, ka zaro tsinke biyu daga aljihu. Don Allah a kira ni, ko da kuɗin motata zan zo.

Sai maganar fim. Na san abin da ya kai ka. Ka ji an ce fim ɗin Canis, zuciyarka ta koma zamanin da muke tara kwabbai mu shiga silima don Bruce Lee, wanda ya rasu a 1973 yana da shekara 32 amma ya bar wa kowane yaron unguwa ihun faɗa, da Jackie Chan na Drunken Master, da Jet Li na Shaolin Temple. Ka zauna kana jiran a fara tashi sama, sai aka kunna muku labarin iyali suna cin abinci suna magana a hankali, fassara tana gudu a ƙasan allo. Kafin a kai rabi munsharinka ya fi sautin fim ɗin ƙarfi. Duniyar ta wuce inda ka bar ta. Yawancin waɗancan na dā na Hong Kong ne. Yanzu babban yankin Sin yana yin fim ɗin da kasuwar gida kaɗai ta ishe shi: Wolf Warrior 2 na 2017 ya tara sama da dala miliyan 800, Ne Zha 2 na 2025, fim ɗin zane, ya haye dala biliyan 2. Na farkon ma a wata ƙasar Afirka marar suna aka ɗora labarinsa, inda Basine ne jarumin da ya zo ceto, mu kuwa muna gefe muna gudu. Da Bakano ne a zauren da sai ya ɗaga hannu ya tambayi dalili.

To ga aikin da zan ba ka, tun da kujerar gaba taka ce. A laccocin nan ba a rasa labarin Zheng He, babban jagoran jiragen ruwa, Musulmi, wanda ayarinsa ya yi tafiye-tafiye bakwai tsakanin 1405 da 1433 har gaɓar gabashin Afirka, da raƙumin dawan da aka kai wa sarkin Sin daga Malindi. Labari ne mai daɗi, kuma gaskiya ne. In an gama an ce akwai mai tambaya, ka miƙe ka ce ubangidanka na Kano ya aiko ka. Ka ce mun gode da layin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da kamfaninsu ya gina aka buɗe a 2016. Sannan ka tambaya: yaya aka yi atamfar da ake jibgewa a Kantin Kwari ta zama kusan duk daga wajensu take, masaƙun Kakuri da Sharaɗa kuma suka zama kufai? Ka tuna musu cewa ɗan kasuwar Hong Kong Cha Chi-ming ne ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964, ta ciyar da dubban gidaje, wato akwai lokacin da masana'anta suke kawo mana, ba dila ba. Ban ce laifin nasu ne su kaɗai ba. Rashin wuta da fasa-ƙwauri namu ne, kuma da hannun 'yan'uwana Kanawa dumu-dumu a shigo da kayan. Amma a yi tambayar a gaban ɗalibai. Taron al'adu da ba a taɓa yin gardama a cikinsa, walima ce kawai.

Batun harshe kuwa, na ji kana ta haddace muryoyi huɗu na Sinanci don ka sami takardar shaida. Mutanenmu na Kwari sun daɗe suna ciniki a Guangzhou da Yiwu da kalkuleta da girgiza kai, suna cika kwantena, babu wanda ya tambaye su satifiket. Duk da haka ina ganin za ka ci jarrabawar, domin a baki Sinawa ba sa bambanta namiji da mace, kuma wannan darasi tun a zanin goyo Zazzau ta koya maka shi.

Ga wanda zai fi yi maka ciwo. Tun 1963 gidan rediyon Sin yake watsa shirye-shirye da Hausa. A Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing akwai ajin Hausa, yaran Sinawa suna ɗaukar sunayen Hausawa suna karanta littattafanmu. Sun yi shekara sittin suna nazarinmu, mu kuma sai yanzu muka aika wakili, shi ma ya ɓuge da wainar wata. Kuma ka kasa kunne ka ji wace Hausa suke yi a rediyon. Daidaitacciya ce, wadda aka gina a kan Kananci. Har Beijing an san wane ne ubangida.

In za ka dawo hutu, ka biyo ta Kano ka kawo gaisuwa: ganyen shayi gwangwani biyu, da fitilar takarda ɗaya ta ƙofar shagona. Jar rigar kuma ka cire ta tun daga Kwanar Dangora, kada yara su bi ka.

Ubangidanka,
Bakanon Dabo