Akuya da Dillali, Littafi Ido Rufe

Mu dai marubutan Hausa sai a bar mu da halinmu. Ɗayanmu ba zai sayar da akuya a kasuwar Wudil ba sai da dillali, a ja, a ce albarka, a sake ja, har rana ta take. Amma littafin da muka ƙarar da idanunmu a kansa da hasken tocila, ranar cinikinsa mu kaɗai muke zuwa, biro a aljihu, muna zuba wa mai bugawa godiya tun bai buɗe baki ba.

A miƙo mana takardar yarjejeniya da Turanci, sai mu laluba inda aka ja layi mu rattaba hannu. Karantawa? Haba, sai ka ce muna zargin Alhaji mai bugawa! In ma akwai takardar ke nan, don da yawanmu lokacin da kasuwar littattafan Kano ke ci, cinikin baki muka yi: na sallama, Allah ya sa albarka, a ba mu 'yan kwafe mu raba wa dangi, su ma ɗin ba karantawa za su yi ba. Can wata rana mu ji ana karanta labarinmu a YouTube, ko mu gan shi a fim an canza wa jaruma suna, mu yi ta ihu bayan hari, mu ja Allah ya isa. Sabon littafi na kammaluwa kuma, wurin mutumin nan dai za mu koma, ai kunya ba ta bari mu canza layi. An ce kunyar mara kunya asara ce, mu kuwa mun mai da ita jari.

Marubutan Landan tun wajen 1875, da wani A. P. Watt ya buɗe sana'ar, suke da dillalansu. La'adar yawanci kashi 15 cikin ɗari ce na abin da marubuci ya samu, 20 in an sayar ƙasar waje, kuma dillali ba ya taɓa ko sisi sai ciniki ya faɗa. Mu da mun ji kashi 15 sai mu dafe ƙirji, alhali mun saba kyautar da ɗarin gaba ɗaya! Dillalin ne zai zauna ya tsefe takardar nan: nawa ne kafin alƙalami, nawa ne kason kowane kwafi, daga farashin bango ake lissafi ko daga abin da ya saura bayan an yi wa 'yan sari ragi. Ya ware haƙƙin fassara gefe, na fim gefe, na karantawa da murya gefe, kowanne da kuɗinsa. Ya kuma kafa sharaɗin cewa in littafi ya ƙare a kasuwa aka ƙi sake bugawa, ya koma hannun mai shi. Chimamanda Adichie da duk bokonta kamfanin Wylie ke yi mata wannan aiki, mu ne dai muka fi ƙarfin a duba mana takarda.

Kada kuma wani ya ce hajarmu ba ta kai ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa ya shiga Turanci a 1967, ya zama fim a 1976. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da Aliyu Kamal ya fassara, can Indiya kamfanin Blaft ya buga shi a 2012. Dokar Nijeriya ma ta ce haƙƙin littafi na nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, wato abincin jikoki muke sallamawa a tsaye, ko zama ba mu yi ba.

Ko da yake na san mu. Ranar da muka samu dillalin, farko za mu binciko dangantaka don ya yafe la'ada. In ya ƙi, mu bari ya sha rana ya ɗaga kuɗin, mu zagaya da daddare mu sallama wa Alhaji a rabi, saboda ya zo sunan ɗanmu har da rago.